Kafin ka kori yaron shago, wa ya koya masa aikin?

A wajen wani ɗaurin aure a Unguwar Sarki da ke Kaduna, muna zaune ana jiran dangin ango, sai hira ta gangaro kan ma'aikatan shaguna. Wani bawan Allah mai babban kanti a cikin gari ya karɓe zancen. Ya ce shi kam ya gaji. Yau ya ɗauki yarinya, gobe a kawo ƙararta, jibi ya sallame ta ya nemo wata, ita ma duk kanwar ja ce. Ya rufe da maganar da kunne ya saba ji, wai yaran yanzu ba su da tarbiyya.

Wani daga gefe ya ce, "Alhaji, to in ka ɗauke su, kana zaunar da su ka nuna musu yadda ake karɓar mutane?" Sai ya yi dariya, ya ce ai hali a gida ake koyo, shi ba makaranta ya buɗe ba.

Amsar nan ta tsaya mini a rai. Mutumin nan ya shimfiɗa tayil, ya sa na'urar sanyaya wuri, ya kafa sola, ya liƙa kyamara a kowace kusurwa don kada a ɗauke masa ko sabulu ɗaya. Amma wanda zai tsaya tsakaninsa da masu saye tun safe har dare, bai ga dalilin ɓata ko awa ɗaya a kansa ba.

Matsayina shi ne, iya mu'amala da jama'a a wurin aiki sana'a ce, ana koyar da ita, kuma nauyin koyarwar yana wuyan mai wurin. Duk mai shago, kemis, gidan abinci, gidan mai ko ƙaramin asibiti a Kaduna da ya ɗauki ma'aikaci bai koya masa wannan ba, ba shi da bakin kuka idan ma'aikacin ya kore masa mutane.

Abin da nake nufi ba wani abu ne mai nisa ba. Ka yi sallama, a ɗago kai daga waya a amsa. Ka tambayi abin da babu, a gaya maka ranar da zai zo ko inda za ka samu. Ka dawo da kaya mai matsala, a saurare ka har ka kai aya. Mai aikin safe ya bar wa na yamma saƙo cewa Hajiya wance ta biya rabi, za ta aiko a karɓa. Yarinyar kemis ta san ba a ɗaga murya a ambaci sunan maganin da magidanci ya zo saya alhali layi na bayansa. Mai POS ya san cewa yawan kuɗin da mutum ya cira ba zancen majalisa ba ne.

Da can wa yake koyarwa?

Kasuwa da kanta take wannan aiki. Yaro zai zo hannun ubangida tun yana ƙarami, ya fara da shara, shimfiɗa kaya da sayo abinci. Shekaru yana zaune yana kallo. Yana ganin yadda maigida ke miƙewa ya tari babban mutum, yadda yake cewa "albarka" idan tayi bai yi masa ba kuma fuskarsa a sake, yadda yake ƙara wa tsohuwar da ta saba zuwa gyara, yadda yake bin bashi ba tare da ya tozarta wanda ake bi ba, da lokacin da ake sallama kaya ba riba don kada a rasa mutum. Ba wanda ya taɓa kiran wannan horo. Amma kafin a yaye yaro a ba shi jari, ya haddace shi tsaf. Har gobe za ka ga ragowar wannan tsari wajen tsofaffin 'yan kasuwa a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi da Kasuwar Barci.

Ta ɗaya ɓangaren, masaƙun Kakuri sun koya wa dubban mutane wani ladabin na daban: zuwa a kan lokaci, miƙa aiki ga wanda zai karɓe ka, sanin wa za ka kai wa magana idan inji ya tsaya. Masaƙar Kaduna Textiles ta fara aiki a 1957, ta rufe a 2002, masaƙar UNTL kuma ta tsayar da aiki a 2007.

Abin da ya cika garin yanzu shi ne plaza a kowane titi, manyan kantuna, rumfunan POS, shagunan waya, gidajen abinci da makarantun kuɗi. Mai wurin sau da yawa ma'aikacin gwamnati ne, ko ɗan kasuwar da ke da rassa uku, ba ya zama. Ana kawo masa yarinya ta hannun wata 'yar'uwa ranar Litinin, a nuna mata farashi da inda ake ajiye kuɗi, ranar Talata a bar ta ita kaɗai da jama'a. Tsohon tsarin ya tafi, ba a kawo komai a madadinsa ba, sai kyamara.

"Hali a gida ake koyo"

Wannan ce hujjar da aka fi kawowa, kuma ba a rasa gaskiya a cikinta ba. Wanda ya tashi ba a hana shi ashar ba, zaman mako ɗaya ba zai wanke masa baki ba. Sai dai yawancin yaran da ake kuka da su ba fitsararru ba ne. Bi su gida ka gani. Suna durƙusawa su gaida iyaye, ba sa haɗa ido da babba, ba sa musu da na gaba.

Abin da ba mu cika lura da shi ba shi ne, wani lokaci wannan tarbiyyar ce da kanta take jawo rigima a wurin aiki. An koya wa yaro cewa rashin kunya ne ya dubi dattijo ya ce masa "ba zai yiwu ba". To ga dattijo ya kawo ɗinki saura kwana biyar Sallah, ga yaduddukan mutane jibge har rufi. Kowa a shagon ya san ba za a gama ba. Me yaron tela zai ce? "In sha Allahu, Baba, a turo ranar jajibere." A zuciyarsa ladabi ya yi. Ranar jajibere kuma a shiga ɓuya, a kashe waya, wani lokaci har magana ta kai ofishin 'yan sanda. Duk shekara sai an yi, mu zagi teloli mu ce ba su da alkawari, shekara ta zagayo a maimaita.

Haka yaron gareji da zai ce maka "ƙaramin aiki ne, yanzu za a gama", don yana jin nauyin ya ce motarka za ta kwana. Haka yarinyar da ke sunkuyar da kai tana magana ƙasa-ƙasa. A gida wannan kunya ce abin yabo. A bayan kanta kuwa, mai saye zai ɗauka ba ta son a dame ta.

Faɗin "a'a" cikin ladabi abu ne da ake koya. Akwai yadda za ka ce wa babba, "Baba, in na karɓa zan ba ka kunya. Aikin da ke gabana zai kai ni bayan Sallah. In ka yarda da haka, bismilla. In kuwa na Sallah kake so, ga wane a layin baya, hannunsa na da kyau." Dattijon zai iya ɓata rai na minti biyu, amma bayan Sallah wurinka zai dawo. Babu uwar da ke koya wa ɗanta wannan, kuma ba laifinta ba ne, ba ta taɓa riƙe shagon ɗinki ba.

Ga kuma abubuwan da iyayen ma ba su san su ba. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, lokacin sauya fasalin naira, taransifa ta zama ruwan dare, har wajen mai shayi. Yanzu babbar hanyar faɗa a shago ita ce banki ya cire kuɗin mai saye amma alat bai shigo ba. Mai saye na nuna waya yana rantsuwa, yaron shago na tsoron kada a zaftare masa albashi, don shi ma an taɓa cutarsa da rasit na bogi. Dukansu suna da gaskiya. Abin da zai raba su tsari ne da ya kamata a ce mai shago ya shimfiɗa tun farko: a duba asusun kai tsaye, a ware kayan a rubuta suna da lambar waya, a ba mutum wurin zama, a gaya masa iya lokacin da za a jira da abin da za a yi in ya wuce. Yaron da ba a ba shi wannan ba, abin da ya rage masa shi ne ya ɗaure fuska ya ce "ni dai ban ga alat ba".

"Da wane albashin za ta yi murmushi?"

Wannan daga bakin ma'aikatan take fitowa, kuma ita ce ta fi nauyi a wurina.

A 2024 aka mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000, amma dokar ba ta hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Wato kusan duk shago, kemis, gidan abinci da shagon ɗinki na garin nan ba sa cikinta. Kowa ya san akwai wuraren da abin da ake ba yarinyar kanti bai kai rabin wannan kuɗi ba. A ciki za ta fitar da kuɗin mota daga Rigasa ko Sabon Tasha zuwa cikin gari kullum, a farashin da sufuri ya koma tun da aka cire tallafin mai a 2023. Ta tsaya a kan ƙafafunta tun takwas na safe har bayan isha'i, wani wurin ko kujera an hana. Idan lissafi bai cika ba, a cire a albashinta. Sannan a tara su a ce su riƙa sakin fuska.

In haka abin yake, horon ya zama izgili. Mun iya jawo hadisin murmushi sadaka ne idan za mu yi wa ma'aikata wa'azi, sai mu manta da wanda ya ce a ba ma'aikaci haƙƙinsa kafin guminsa ya bushe.

Kuma ba kuɗi kaɗai ba. Na sha ganin mai shago yana zazzaga wa yaronsa zagi a gaban masu saye, har da na iyaye. Bahaushe ya ce ba a mugun sarki sai mugun bafade, amma a shago ban yarda ba. Abin da yaro ya ga ana yi masa shi yake sauke wa na ƙasa da shi, kuma a shago ba shi da na ƙasa sai talakan da ya shigo sayen abin ɗari biyu. Lura da yadda wasu yaran ke rawar jiki idan babbar mota ta tsaya, da yadda suke amsa wa tsohuwa mai silifas daga zaune. A wurin Oga suka gani. Shi ya sa duk horon da za a yi, mai wurin ne ya kamata ya zauna a layin gaba.

Duk da haka ba zan ce a jingine koyarwa sai ranar da albashi ya gyaru ba. Wanda ya shigo saye ba shi ya yanka albashin ba, wataƙila ma ya fi mai sayarwar talauci. Sannan rabin baƙin cikin aikin shago daga faɗa da mutane yake zuwa, faɗan da sanin yadda ake magana zai kashe tun bai tashi ba. Wadda ta iya wannan ta fi komawa gida da sauran ƙarfi a jikinta. Kuma iyawar tata ce, ba ta Oga ba. Ita ce wadda shagon gaba zai zo zawarci da ƙarin albashi, ita ce kuma ranar da ta buɗe nata, mutane za su bi ta.

"Sai Oga ya zo"

Akwai wata magana da ta fi zagi kore mai saye, ita ce "sai Oga ya zo". Ka sayi fanka jiya, ka kai gida ba ta juyawa, ka dawo da rasit a hannu. Yaron ya gane ka, ya san kayan shagonsu ne, ga irinta goma a jere. Amma ba shi da ikon canja maka. Oga yana Kano, wayarsa ba ta shiga. Ka dawo gobe.

Ko shekara aka yi ana koya wa yaron nan gaisuwa, bai amfane ka da komai ba. Koyar da mu'amala ba ya tafiya sai da sakin ɗan iko. Mai shago ya yanke: kayan da bai wuce kuɗi kaza ba, in an dawo da shi cikin kwana kaza da rasit, ka canja, ka rubuta, in na zo ka gaya mini. Ragin da bai wuce kaza ba, kana iya yi. Masu shaguna za su ce ai ta nan ake cutarsu. To littafi da rasit da kyamarar da aka kashe wa kuɗi, aikin me suke yi?

Ikon nan ya haɗa da ikon kare kai. Ban yarda da zancen nan da ake yayi na cewa kwastoma sarki ne ba. Akwai mai saye da ke shigowa da neman rigima, akwai wanda ba sayayya ta kawo shi ba, lambar yarinyar yake nema, in ta hana ya ce ta yi masa rashin kunya. Dole ma'aikaciya ta san inda haƙuri ya ƙare, ta san wa za ta kira, kuma ta tabbata ba za a kore ta don ta ƙi ba.

"In na koya masa, gudu zai yi"

Zai iya. Amma yanzu da ba ka koya masa ba, yana zama? Masu wannan magana su ne ke canja ma'aikata kamar riga. Iyayen gidanmu na da sun san yaro tafiya zai yi, da hannunsu ma suke yaye shi, kuma ba su fasa koyarwa ba. Yaron da aka yaye da daɗi shi ke turo wa ubangidansa ciniki har tsufa.

Wasu kuma sun dogara da cewa kasuwa a kai miki dole, mai buƙata zai zo ko an sake masa fuska ko an ɗaure, in dai farashi ya yi. Wannan ya yi aiki lokacin da kemis ɗaya ne a unguwa. Yau a layi ɗaya sai ka ƙirga uku, maganinsu ɗaya, farashinsu kusan ɗaya. Ga matan da ke sayar da atamfa, turare da kayan kicin daga ɗakunansu ta WhatsApp, mai babur ya kai har ƙofar gida. Ba su da tayil ba su da sola, jarinsu iya magana da cika alkawari, kuma suna janye wa masu plaza mutane a hankali. Tun da jirgin ƙasan Abuja ya fara tashi daga Rigasa a 2016, masu ɗan hali da yawa suna ganin yadda ake karɓar mutum a wasu wuraren, su dawo suna gwadawa.

Mutumin Kaduna kuma bai cika tsayawa yi maka ƙorafi ba. Zai ce "ba komai", ya fita, ba za ka sake ganinsa ba. Labarin kuwa a zauren WhatsApp na matan unguwa za a ji shi, ko a Facebook, da sunan shagonka da hotonsa.

Abin da ya keɓanta da garin nan

Akwai dalilin da ya sa nake ganin Kaduna ta fi Kano ko Katsina buƙatar wannan. Tun rikicin addini na 2000 da na 2002, garin ya rabu kusan gida biyu, kogi a tsakiya, Musulmi sun fi yawa a arewa, Kirista a kudu. Akwai matasan da suka tashi a Rigasa ko Tudun Wada ba su taɓa zama benci ɗaya da Kirista ba. Akwai na Narayi ko Unguwar Television da ba su da aboki Musulmi ko ɗaya. Inda suke fara haɗuwa ido da ido shi ne wurin aiki: bayan kanta, gidan mai, teburin karɓar marasa lafiya, rumfar gyaran waya.

Yarinyar da ta tsallako gada ta zo aiki a kanti a titin Isa Kaita, ba lallai ta san cewa kiran magidanci "aboki" yana ƙona rai ba, haka ta ji ana faɗa tun tana ƙarama. Ba lallai ta san me ya sa Malam ya ƙi karɓar hannunta ba, sai ta ɗauka ƙyama ce. Yaron da ya fito daga Rigasa ya samu aiki a Barnawa, ba lallai ya san cewa shigar matar da ta zo saye ba huruminsa ba ce, ba abin ƙura wa ido ba, ba abin yi wa nasiha ba. Wani ma sai ya juya ya yi gulmarta da abokin aikinsa da Hausa, ya manta cewa wanda aka haifa a Kaduna da wuya a ce ba ya jin Hausa, ko sunansa Bulus ko Chinedu. Daga nan sai ka ji ƙaramar magana ta canji ta koma "don ni ba ɗan addininku ba ne", kuma mun san inda irin wannan ke kai mu a garin nan.

Waɗannan abubuwa ne da ake iya faɗa wa ma'aikaci cikin minti goma: wa ake ce wa Hajiya, wa ake ce wa Madam ko Mama, kalmomin da ba a furtawa a shagon nan ko da wasa, yadda ake lallaɓa mai azumi da la'asar sakaliya. Mai shagon da ya haɗa ma'aikata daga ɓangarorin biyu ya kuma tsara su, har riba yake ci. Wannan ya tsare wuri lokacin sallar Juma'a, wancan ya tsare safiyar Lahadi, ƙofa ba ta rufuwa. In bai tsara ba kuwa, nan ma gaba ce za ta tashi, kowa na ganin an fifita ɗaya.

Ba taron otal nake nufi ba

Idan aka ce horo, tunanin mutane yana tafiya ga ɗakin taro a otal, majigi, wani mai kwat yana zuba Turanci, a raba shinkafa da kaza, a ɗauki hoto, a ba kowa satifiket. Masu shaguna da ke cewa wannan ɓarnar kuɗi ce, ina bayansu. Abin da ake kwasowa daga irin wannan taro shi ne gaisuwar haddar Turanci, a riƙa jefa wa kowa ita, har dattijuwar da ta zo daga Birnin Gwari sayen maganin hawan jini, wadda "sannu da zuwa, Mama, me za a kawo miki?" ta ishe ta.

Wanda nake nufi a cikin shagon ake yinsa, da harshen da ake ciniki da shi, Hausa ko Turancin buroka, ko duka biyun. Minti goma sha biyar kafin a buɗe ƙofa, sau ɗaya a mako. A ɗauko abin da ya faru da gaske a makon: matar da ta fita cikin fushi ranar Laraba, me ya faru, me aka ce mata, me ya kamata a ce. Wani ya zama mai saye mai zafin kai, wani ya karɓe shi, sauran su yi gyara. Za a yi dariya, kuma a nan ake koyo. Sabon ma'aikaci ya yi mako yana bin tsoho kafin a bar shi shi kaɗai. Wanda ya yi abin kirki a yaba masa a gaban 'yan'uwansa, wanda ya yi kuskure a ja shi gefe. Ba a buƙatar ko sisi, sai dai Oga ya fito da wuri, wanda ga wasu ya fi biyan kuɗin wuya.

Manyan kamfanoni suna da hanyarsu. Asusun horar da ma'aikata na ITF, wanda aka kafa a 1971 mai hedikwata a Jos, yana karɓar kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin shekara daga kamfanonin da doka ta hau kansu, kuma wanda ya horar da ma'aikatansa bisa ƙa'ida yana iya neman a mayar masa da har rabin abin da ya biya. Duk kamfanin da ke biyan wannan kuɗi bai horar da kowa ba, asara biyu ya yi. Amma mai shago da yara uku ba ya cikin wannan lissafi, kuma irinsa ne suka fi yawa.

Su waɗannan, ƙungiyoyinsu ne ya kamata su tsaya musu. Ƙungiyar 'yan kasuwa da masu masana'antu ta KADCCIMA tana tara jama'a duk shekara a bajekolin ƙasa da ƙasa da ke hanyar Zariya, ba zai gagare ta ware zama da Hausa don yaran shaguna ba. A Panteka, kasuwar masu ƙere-ƙere da gyare-gyare, inda ake ta maganar ba masu sana'ar hannu takardar shaidar ƙwarewa, ya kamata gwajin ya wuce iya walda da iya fiɗar inji. A duba ko mutum ya iya faɗin kuɗin aiki kafin ya kwance, ko yana kiran mai kaya idan ya tarar da wata matsalar a ciki kafin ya taɓa, ko yana mayar da tsohon ƙarfen da ya cire ba sai an tambaya ba. Rikicin bakanike da mai mota da wuya ya wuce waɗannan ukun.

Shugabannin layuka a kasuwanni kuwa sun fi kowa sanin inda ke yi wa jama'a ƙaiƙayi, don gabansu ake kawo ƙara kullum, su ke sasanci, su ke cin tara. Suna karɓar kuɗin ƙungiya, suna da wurin taro, kuma a cikinsu akwai dattawan da suka yi shekara arba'in suna ciniki ba a taɓa jin kansu da kowa ba. A zaunar da irin waɗannan dattawan gaban yara, a ɗauko ƙararrakin da suka fi maimaituwa ɗaya bayan ɗaya. In da ni za a bi, a fara da ƙungiyar teloli a watan Rajab, tun ba a fara karɓar ɗinkin Sallah ba.